Ibnun Nafis: Likitan Da Ya Gano Hanyar Jini Ta Cikin Huhu

Duk jinin da ya dawo zuciya daga sassan jiki sai ya ratsa ta huhu kafin ta sake tura shi. Yau ɗalibin likitanci tun a farkon karatunsa yake sanin haka, amma likitocin duniya sun yi fiye da shekara dubu a kan akasinsa. Wanda ya fara rubuta bayanin daidai shi ne Ibnun Nafis.

Haihuwarsa da karatunsa

Sunansa Ala'uddin Aliyu ɗan Abil Hazm. An haife shi a yankin Dimashƙa ta ƙasar Sham wajen shekarar 1213. Ya koyi likitanci a asibitin Nuri da ke birnin, a hannun babban likita Addakhwar, ya kuma yi zurfi a fiƙihun mazhabar Shafi'iyya. Wajen 1236 ya koma Alƙahira, inda ya yi sauran rayuwarsa yana duba marasa lafiya da koyarwa, har ya zama shugaban likitocin Masar.

Kuskuren da ya gyara

Zuciya tana da ɓangaren dama da na hagu, da shamaki na tsoka a tsakaninsu. Jalinus, likitan Girka na ƙarni na 2, ya koyar da cewa jini yana tsallakawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙofofi a jikin shamakin waɗanda ido ba ya gani. Har Ibnu Sina ya bi shi a kan haka a littafinsa Alƙanun.

A 1242, yana ɗan kimanin shekara 29, Ibnun Nafis ya yi sharhin babin halittar jiki na Alƙanun, ya ƙi yarda da wannan magana. Ya bayyana cewa shamakin mai kauri ne, ba shi da ƙofa ta fili ko ta ɓoye. Jini yana fita daga dama ta babbar jijiya zuwa huhu, ya bazu a cikinsa, ya haɗu da iska, sannan ya dawo hagu ta wata jijiyar. Ya ƙara da cewa dole akwai 'yan hanyoyi a huhu da ke haɗa jijiyoyin biyu. Sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya ga waɗannan siraran jijiyoyi da madubin likita a huhun kwaɗo.

A zamaninsa ba a san iskar oksijin ba. Yanzu mun san iskar da muke shaƙa tana bin maƙogwaro, ta rarrabu a bututun huhu, ta ƙare a ɗaruruwan miliyoyin 'yan buhunan iska. A bangon waɗannan buhuna jini yake ɗaukar oksijin, ya zubar da gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa.

Amfanin wannan ga maras lafiya

Tunda hanya ɗaya ta haɗa su, ciwon huhu yana taɓa zuciya, na zuciya ma yana taɓa huhu. Idan huhu ya daɗe da lalacewa, ko da sigari, ko hayaƙin girki, ko tabon tarin fuka, ɓangaren dama yakan wahala wajen tura jini, ƙafafu su fara kumbura. Idan kuma ɓangaren hagu ne ya raunana, kamar bayan hawan jinin da ba a kula da shi ba, ruwa yakan taru a huhu, mutum ya kasa kwanciya sai ya tara matasai. Shi ya sa likita yake auna zuciyar wanda ya zo da kukan numfashi.

Ƙofar da Jalinus ya zata kuwa, idan aka same ta a zuciya cuta ce. Akan haifi wasu jarirai da huda a shamakin. Ƙarama takan toshe da kanta, babba kuwa takan sa jariri haki da gumi wajen shan nono, ya ƙi girma. Irin wannan yaro a kai shi asibiti da wuri.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya ƙudurta rubuta kundin likitanci mai suna Ashshamil a mujalladi 300, ya kammala 80. Ya rasu a Alƙahira a watan Disamba 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri.

Bayan rasuwarsa an yi ta karanta sauran littattafansa, amma bayaninsa kan huhu bai yaɗu ba. Michael Servetus ya rubuta irinsa a Turai a 1553, William Harvey na Ingila kuma ya bayyana zagayen jini gaba ɗaya a 1628. Sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin Attatawi, da ke karatu a Jamus, ya fito da sharhin daga wani ɗakin karatu na Berlin, duniya ta san wanda ya riga su da fiye da shekara ɗari uku.