Likita Mila, Ɗalibin Hausa

Idan kun bi hanyar da ta tashi daga Jos ta yi kudu, ba za ku yi nisa ba za ku iso Bukuru, garin masu haƙar kuza. A nan ne wani tsohon Bature ya ƙare kwanakinsa a shekarar 1952. Sunansa Walter Miller, amma Likita Mila Hausawa suke ce masa. Kamar yawancinku, bai sha Hausa a nono ba. Sai da ya haura shekara 25 a duniya kafin ya fara koyonta, duk da haka ya zama ɗaya daga cikin baƙin da suka fi kowa naƙaltar harshen a zamaninsa.

An haife shi a Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, wadda ke neman masu zuwa ƙasar Hausa. A lokacin littattafan koyon Hausa ba su taka kara sun karya ba. Akwai nahawun Schön na 1862, da na Robinson na 1897, sai 'yan kaɗan. Littafi kuwa yana iya nuna wa mutum kalma, amma ba ya jiyar da shi yadda take fita daga baki.

Saboda haka, kafin ya taka ƙasar Hausa, sai aka tura shi Tarabulus, a bakin tekun Bahar Rum. Kada ku yi mamaki. A wancan zamani ayarin raƙuma na ratsa hamada daga Kano zuwa Tarabulus, kuma birnin na da Hausawa da yawa: fatake, da maniyyata masu hanyar Makka, da bayin da suka sami 'yanci. Su ne malamansa. A cikinsu ya haɗu da wani yaro mai suna Abdulmajid, wanda daga baya ya zauna tare da shi shekaru masu yawa. Ku lura da wannan tsari: kunne ya fara aiki, baki ya biyo baya, alƙalami ya zo daga ƙarshe. A shekarar 1901 ya buga ɗan littafinsa na koyon harshen, mai suna Hausa Notes.

Shigarsa ƙasar ba ta zo da sauƙi ba. A shekarar 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell da wasu 'yan mishan. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su da su bar birnin. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Sai a 1905 Mila ya sami zama a cikin birnin Zariya. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya sa riga irin ta mutanen gari, yana hira da malamai da marasa lafiya da yara. Kowane majiyyaci da ya zauna gabansa ya faɗi abin da ke damunsa, ya biya shi da darasin Hausa, ko da bai sani ba.

To, amma wace Hausa ce ya ji a Zariya? Wannan tambaya ta shafe ku, domin harshen ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Bakano zai ce tafi, Basakkwace ya ce tahi. A Kano ana cewa zauna da sauka, a Sakkwato zamna da sabka. A Kano yaro ne, yarinya ce. A Sakkwato yaro na, yarinya ta. A karin harshen Zazzau kuwa, sau da yawa ba a damuwa da wannan bambanci na jinsi, sai ne ta wadatar ga namiji da mace. Mai hira yana iya bin karin garin da yake. Mai rubuta littafin da za a karanta daga Sakkwato har Bauci ba shi da wannan sauƙi, dole ya auna kowace kalma.

Irin wannan aiki ne ya ci rabin rayuwar Mila. Tare da abokan aiki Hausawa da Turawa ya fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke a shekarar 1932. Ya kuma tsaya a kan a rubuta Hausa da boko maimakon ajami, ra'ayin da gwamnatin Turawa ta bi. Masana na muhawara a kan wannan zaɓi har yau, kuma suna da hujja, domin ya raba 'yan makaranta da rubutun da kakanninsu suka daɗe suna yi. Makarantarsa ta koma Wusasa a 1929. Daga cikin waɗanda suka fito daga wannan gida akwai Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Idan an duba abin da ya kawo shi, sai a ce bai sami yadda yake so ba. Musulmin Zariya sun sha maganinsa, sun yaba Hausarsa, amma kaɗan ne ƙwarai suka bar addininsu. Littafin da ya fassara domin Hausawa sai ya sami masu karatu a wani wuri dabam, wato a cikin waɗanda ba Hausawa ba. A ƙasar Filato, inda harsuna suka yi yawa, 'yan mishan sun ga ba za su iya fassara komai cikin kowane harshe ba, sai suka riƙi Hausa. Berom da Ngas da Afizere da Anaguta da sauransu suka riƙa karatu da waƙa da ita a coci. Ta wani gefen kuma, haƙar kuza ta tara leburori daga ko'ina, jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da Bukuru tun 1914, Hausa ta zama harshen kasuwa da na filin aiki.

Bayan ya ajiye aikin mishan ya koma Ingila, amma bai daɗe ba ya dawo Nijeriya. Ya rubuta littattafai da Turanci yana sukar yadda Turawa ke mulkin Arewa, domin shi mutum ne mai kaifin harshe, wanda ba ya ɓoye ra'ayinsa. Ya zauna a Bukuru, a tsakiyar mutanen da Hausa ta zame musu harshe na biyu kamar yadda ta zame masa.

Hausar da ke kewaye da shi a can ita ce wadda da yawanku kuke ji a kasuwannin Jos. Tana da sauri, tana biyan bukata, kuma ba abin kunya ba ce. Sai dai takan sauke wasu kaya a hanya: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ce ta ɓace. A kasuwa ba wanda zai ruɗe. A takarda kuwa, ƙafa dabam, kafa dabam, kuma wanda ya ce an bari bai ce an yi ɓari ba. Daidaitacciyar Hausar da kuke koya a wannan littafi, wadda aka gina a kan karin Kano, tana riƙe da waɗannan bambance-bambance duka.