Likita Mila, Mutumin da Aka Kora Daga Kano

Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mota a Kwanar Dangora ya san hanya uku ce ta haɗu a wurin. Ɗaya ta yi arewa zuwa Kano, ɗaya ta yi kudu zuwa Zariya, ta ukun kuwa ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa har ta hau dutsen Jos. Ɗalibanmu suna bin hanyoyin nan kowane hutu da akwatunansu a ka. Mutumin da muka zaɓa mu ba da labarinsa a littafin bana, ko da yake babu kwalta a zamanin da ya zo, rayuwarsa ta bi ta inda hanyoyin nan uku suka nufa. A Kano aka kore shi, a Zariya ya ƙarar da ƙarfinsa, kusa da Jos kuma ya mutu. Sunansa Walter Miller, amma a ƙasar Hausa Likita Mila aka san shi.

An haife shi a shekarar 1872 a wani ƙaramin gari mai suna Honiton a ƙasar Ingila. Tun yana saurayi ya ba da ransa ga Yesu Almasihu. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, kuma da ya ga dama da ya zauna can ya ci arzikin sana'arsa. A lokacin nan labarin ƙasar Hausa yana yawo cikin ikilisiyoyin Ingila: ƙasa ce mai manyan birane da ganuwa, mai kasuwanni da malamai masu rubutun ajami, amma bishara ba ta shiga ba. Waɗanda suka fara gwadawa ba su yi nisa ba. John Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892. Mila ya san wannan duka kafin ya miƙa kansa ga mishan ɗin CMS.

Abin da ya fara yi ya kamata ɗalibanmu masu raina darasin Hausa su lura da shi. Kafin ya taka ƙasar nan sai da ya tafi Tarabulus, a ƙasar Libiya ta yau, inda fatake da alhazai Hausawa suke yada zango, domin ya koyi harshen daga bakin masu shi. A can ya haɗu da wani yaro mai suna Abdulmajid, wanda ya fito aikin hajji tare da mahaifinsa, mahaifin ya rasu a hanya. Yaron ya ci gaba zuwa Makka, amma daga baya ya sake neman Mila, ya zama kamar ɗa a gare shi, kuma yana cikin waɗanda suka gyara masa Hausa.

A farkon shekarar 1900 su biyar suka tashi daga Ikko a ƙarƙashin Bishop Tugwell, da nufin Kano. Mila yana da kusan shekara 28. Sun yi wata da watanni suna tafiya da 'yan dako, suka ratsa Zazzau, suka isa Kano a watan Afrilu. Sarkin Kano Alu bai aika a kira su ba, su ma ba su jira izini ba kafin su shigo ƙasarsa. Ya karɓe su cikin fushi, ya ƙi yarda su zauna, ya ba su kwanaki kaɗan su tattara kayansu su fita. Idan muka yi adalci, ba abin mamaki ba ne. A farkon shekarar nan ce Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, kuma duk sarkin da ya ga Turawa biyar a ƙofar fadarsa dole ya yi tunanin abin da ke tafe a bayansu.

Suka juyo da baya har Girku, a kudancin ƙasar Zazzau. Garin nan ya riga ya ci ran wani mai bishara, domin a nan Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin SIM, ya mutu a 1894. A nan kuma ɗaya daga cikin abokan tafiyar Mila, Dudley Ryder, ya kwanta ciwo ya mutu. Wani aka mai da shi gida ba lafiya. Aka rasa gidan mishan ɗin da gobara, waɗanda suka rage suka janye zuwa bakin Binuwai. Tafiyar da aka yi ta addu'a dominta a majami'un Ingila ta ƙare ba tare da ko mutum ɗaya ya tuba ba.

A nan ne muke so mu dakata, domin a ganinmu nan ne ainihin labarin yake. Saurayin da ya shiga Kano a 1900 mai bi ne na gaskiya, amma yana ɗauke da kaya biyu masu nauyi da bai san yana ɗauke da su ba. Na farko, ya zaci Musuluncin Hausawa na fatar baki ne, cewa talakawa sun gaji da mulkin Fulani, da zarar an kawar da sarakuna za su rungumi bishara gaba ɗaya. Na biyu, ya sa rai cewa mulkin Turawa zai buɗe masa ƙofar da Sarki Alu ya rufe. Duka biyun kuskure ne. A farkon 1903 sojojin Turawa suka taso daga Zariya, suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, nan kusa da mu, bayan kwana biyu suka ci Kano. Amma Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, kuma waɗanda suka gaje shi suka ƙara tsananta hana masu mishan shiga biranen Musulmi. Ƙofar da Mila ya zaci bindiga za ta buɗe, masu bindigar ne suka sa mata sakata.

Mutane da yawa a nan za su koma gida su ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Shi ya dawo. A 1905 ya samu izinin zama cikin birnin Zariya, ya kafa gida a unguwar Durumin Maigarke, yana ba da magani, yana koyar da 'yan yara kaɗan. Har a lokacin bai daina manyan mafarkai ba. Ya kai wa Lugga shawarar a buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai a ƙarƙashinsa. Lugga ya bar ƙasar a 1906, maganar ta mutu, aka ba Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, aikin buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909. Mila ya rage da yaransa, waɗansu 'yantattun bayi, waɗansu marayu, waɗansu iyayensu ne suka yi ƙarfin hali suka kawo su.

Ba za mu ɓoye halinsa ba, domin ba waliyyi muke zanawa ba. Mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe. Ya yi faɗa da jami'an gwamnati, ya yi faɗa da fadar Zazzau a kan abin da ya gani zalunci ne, ya yi faɗa har da 'yan'uwansa masu mishan. Wani lokaci gaskiya tana gefensa, wani lokaci kuwa haƙuri ne ya gaza masa. Amma a shekarun nan na Zariya wani abu ya riƙa canzawa. Wanda ya zo da nufin juya sarakuna da birane ya koyi zama a tabarma da yaro ɗaya yana koya masa baƙi da wasali. Aikin magani ya ja da baya, koyarwa da juyin Littafi Mai Tsarki suka cinye lokacinsa. Hausarsa ta nuna har ya zama shi ke yi wa jami'an Turawa jarrabawar Hausa. Mu malamai mun san wannan irin canji. Kowa yakan fito daga kwalejin horo da niyyar gyara duniya, sai a ba shi aji ɗaya da allo da ya tsage, a nan ne ake gane ko kiran na gaske ne.

Amfanin gonar da ya daɗe yana jira bai zo ta hanyar da ya shirya ba. Tun wajen shekarar 1867, zamanin Sarkin Kano Abdullahi, an kashe wani malami mai suna Ibrahim a kasuwar Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, wadda ya samo daga nazarin Alƙur'ani. Almajiransa suka watse zuwa ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Ningi, aka riƙa kiran su Isawa. Ba Kirista ba ne, amma sun riƙe begen cewa wata rana za a zo musu da cikakken labarin Isa. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka zo Zariya da ƙafarsu suka sami Mila. Ba wa'azinsa ne ya tashe su ba, shekaru kusan hamsin kafin nan aka shuka irin, tun shi ba a haife shi ba. Aka tara waɗanda suka ba da gaskiya a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, aka gina ƙauyen masu bi da majami'a da makaranta, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan mai suna Thompson yana lura da su. Mutanen suka haura ɗari.

Sai ciwon barci ya faɗa wa garin. Cikin 'yan shekaru ya kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka watse, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa Zariya. Mun sha tunanin yadda mutum zai ji, ya jira shekara goma sha uku, ya ga ikilisiya ta tsiro a gaban idonsa, sa'an nan ya ga ƙudan tsando ya share ta. Ba mu ga alamar ya yi shakkar kiransa ba. Ya karɓi yaran, ya ci gaba da aji.

Daga cikin zuriyar Isawan nan ne Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin birni zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, tana nan har yau. Makarantar da Mila ya fara ita ce ta yaye Russell Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda ya zama shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan Wusasa ne. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara a wurin. Wanda aka hana shi koyar da 'ya'yan sarakuna, marayu da 'ya'yan talakawan da aka bar masa su ne suka zauna a kujerun da bai taɓa tsammani ba.

Shi kansa Mila bai so fitar nan daga birni ba, kuma bai zauna a Wusasa ya ci gajiyar ginin ba. Ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara talatin da suka wuce, domin ya ƙarasa aikin juyi. Ba shi kaɗai ya yi ba. Akwai Likita Stirrett na SIM, wanda iyayenmu suke kira Bature Mai Magani, da waɗansu masu mishan, da Hausawa masu bi waɗanda suka zauna da shi suna auna kowace kalma, ko da yake sunayensu ba su yi tashe kamar nasa ba. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Littafin ya shiga inda mai juyin bai taɓa zato ba. A biranen da ya yi wa kuka masu karanta shi kaɗan ne, amma ya zama littafin ikilisiya a Filato da kudancin Zazzau da Bauchi da Adamawa, wurin kabilun da Hausa ba harshen uwarsu ba ce. Daga baya kuma ya iso ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina, wato gidajen da yawancinmu muka fito. An yi sabbin juyi tun daga lokacin, masu sauƙin karantawa, amma har yanzu akwai tsofaffi a majami'unmu da ba sa jin daɗin aya sai da lafazin tsohon juyi.

Ya ajiye aiki da CMS a 1935 ya tafi Ingila, amma zama bai yiwu ba. Bayan 'yan shekaru ya komo Nijeriya, ba a matsayin shugaban kowa ba. Ya yi ta rubuce-rubuce. A 1947 ya fitar da littafi wanda sunansa ma tambaya ce, ko Turawa sun kasa a Nijeriya, inda ya soki mulkin da a dā ya ɗora wa bege. Tsofaffin ɗalibansa, waɗansu Kirista, waɗansu Musulmi, sun riƙe zumunci da shi har tsufansa. Wannan ma abin lura ne a gare mu da muke zaune da maƙwabta Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna gaisuwar mutuwa da suna tare.

Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru, kusa da Jos. A nan ya rasu a 1952 yana da shekara 80, shekara takwas kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai.