Likita Andrew Stirrett, Bature Mai Magani (1865–1948)

A gidajen masu bi da yawa a Gwada, da Kuta, da Minna, kafin a fita gona maigida yakan tara iyali ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa. Kaɗan ne cikinmu suka san sunayen waɗanda suka sha wahala har littafin nan ya iso hannunmu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Andrew Park Stirrett.

An haife shi a jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada a shekarar 1865. Ya zama mai kantin magani a birnin Toronto, yana da rufin asiri. Da labarin ƙasar Sudan ya kai gare shi, wato ƙasashen nan namu inda bishara ba ta shiga ba tukuna, sai ya rabu da dukiyarsa ya miƙa wa mishan, ya kama hanya. Ya san abin da ke jiransa. A 1894 Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent kuma a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da rai.

Stirrett ya iso Pategi a bakin kogin Kwara a 1902, ya wuce shekara 35, shekarun da wasu ke ganin mutum ya makara da koyon sabon harshe. Daga baya ya zauna a Wushishi, nan jiharmu ta Neja. Ya nace wa 'yan'uwansa ma'aikata su riƙa shan kwinin saboda zazzaɓin cizon sauro, ya kuma yi jinyar duk wanda ya zo ƙofarsa. Shi ya sa mutane suka raɗa masa suna Bature Mai Magani.

Amma ciwon da ya fi damunsa shi ne zunubi, wanda ba kwinin da ke taɓa shi. Ya gaskata cewa fansa tana cikin jinin Yesu Almasihu kaɗai, kuma dole mutum ya ji wannan da harshen da yake ganewa. Don haka ya ba da shekaru yana aiki tare da Likita Walter Miller na Zariya da sauran masu fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Hausawa ne muradin zuciyarsa. A Jos ya riƙa tsayawa a kasuwa kullum yana wa'azi har tsufa ya cim masa, amma waɗanda ya ga sun tuba daga cikinsu ba su da yawa. Bai daina zuwa kasuwar ba. Irin da ya shuka ya fi tsira a wata gona dabam, a wurin Gbagyi da sauran kabilun Arewa, waɗanda da Hausar nan suka koyi karatu, da ita suke sujada har yau.

Bai taɓa yin aure ba. Ya rasu a Jos a 1948, yana da shekara 82, bayan shekara 46 cikin aikin Ubangiji a Najeriya.