Karl Landsteiner: Likitan da ya gano cewa jini ba iri ɗaya ba ne

A Babban Asibitin Minna da ke ƙaramar hukumar Chanchaga, kamar sauran asibitoci, ba a ɗaura wa majinyaci ledar jini sai an tantance rukuninsa. Tushen wannan ƙa'ida shi ne binciken Karl Landsteiner, wanda aka haifa a Austiriya ranar 14 ga Yuni, 1868, ranar da yanzu aka keɓe a duniya domin karrama masu ba da gudummawar jini. Mahaifinsa ɗan jarida ne, ya rasu ya bar shi yana ɗan shekara shida. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Vienna a 1891, sannan ya duƙufa kan ilimin sinadarai.

A wancan zamani ƙarin jini tamkar caca ne: wani ya farfaɗo, wani ya ce ga garinku nan, ba wanda ya san dalili. A 1901 Landsteiner ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya ware jajayen ƙwayoyin daga ruwan jinin, ya riƙa gauraya na wannan da na wancan. Wani haɗin ya dunƙule, wani kuwa ko gezau. Daga nan ya fahimci cewa a fatar kowace jar ƙwaya akwai alamomin da ake gada daga iyaye, kuma ruwan jini na ɗauke da garkuwar da ke far wa baƙuwar alama. Ya fitar da rukuni uku, A da B da C, wanda daga baya ya koma O. Abokan aikinsa Decastello da Sturli suka gano AB a 1902.

Ƙuncin rayuwa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Vienna, ya zauna a Holan, sannan ya koma Cibiyar Rockefeller da ke New York. Lambar yabo ta Nobel ba ta riske shi ba sai 1930, bayan kusan shekara talatin, jinkirin da ya yi yawa.

A 1940 shi da Alexander Wiener suka bayyana alamar Rh. Idan uwa ba ta da ita, ɗan cikinta kuwa ya gado ta daga uba, garkuwar uwar kan iya lalata jinin jariran da za su biyo baya. Wannan na cikin dalilan abin da a gidajenmu akan kira wabi a ɗora wa iska.

Bugun zuciya ya same shi yana tsaka da aiki a ɗakin bincikensa, ya rasu bayan kwana biyu, ranar 26 ga Yuni, 1943.