Tarihin Al-Jazari, ɗan gidan mai shinkafa da ya sa tagulla ta yi kiɗa

A ƴan shekarun nan mun sha gani a talabijin da cikin salula yadda ƴan lakwal na ƙasashe daban-daban suke haɗuwa suna gasa da mutum-mutumin da suka haɗa da hannunsu, abin da Nasara ke kira robo. A shekara ta 2017 an yi wata babbar gasa irin wannan mai suna FIRST Global a birnin Washinton na Amurka, inda yara daga ƙasashe sama da 150 suka hallara. Aikin da aka ba na'urorinsu shi ne su ware ƙwallaye shuɗɗa, masu nuna ruwa mai tsabta, daga ƙwallaye masu ruwan goro, masu nuna gurɓataccen ruwa. A nan Afirka ma wani malamin jami'a ɗan Senegal, Sidy Ndao, ya kafa irin wannan gasa a Dakar don yaran nahiyarmu. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka jiya-jiya aka fara wannan sana'a. To yau za mu koma baya shekara sama da 800, mu kawo muku labarin wani maƙeri da ya riga su.

Sunan da duniya ta san shi da shi Al-Jazari, laƙabinsa kuma Badi'uz Zaman, wato wanda babu irinsa a zamaninsa. A cikin jerin sunayensa akwai Ibnur Razzaz, ma'anarsa ɗan mai sayar da shinkafa. Ke nan gidan da ya fito ba baƙon kasuwa ba ne. Littattafan tarihi suna sanya haihuwarsa a shekara ta 1136, a yankin Jazira, ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da kogin Furatu, kuma daga sunan yankin ne aka samo Al-Jazari.

Ya yi aikinsa a fadar sarakunan gidan Artuk, wasu sarakunan Turkawa. A shekara ta 1183 Sarki Salahuddin Ayyubi ya ci birnin Amid da yaƙi, ya danƙa shi ga Nuruddin Muhammad na wannan gida. Amid shi ne garin da ake kira Diyarbakir yanzu, a kudu maso gabashin Turkiyya. Al-Jazari ya yi wa sarakuna uku aiki a jere: Nuruddin, da ɗansa Kutubuddin Sukman, da ƙanen Sukman mai suna Nasiruddin Mahmud. Shekara 25 ya yi yana ƙira a fadar nan kafin ya ɗauki alƙalami.

Abin da ya sa ya yi rubutu shi ne, wata rana ya kai wa Sarki Nasiruddin wata na'ura da ya gama, sarkin ya dube ta da kyau, ya yaba, sa'an nan ya umurce shi da ya tattara duk abubuwan da ya ƙera cikin littafi ɗaya tare da zane, don kada wahalarsa ta tafi a banza. Ya kammala littafin da Larabci a shekara ta 1206, daidai da 602 ta Hijira, ya sa masa suna Kitab fi Ma'arifatil Hiyalil Handasiyya, wato littafin sanin dabarun ƙere-ƙere. A ciki akwai na'ura 50 da ya kasa kashi 6: agogo 10, kayan zuba abin sha a majalisar sarki 10, butoci da tasoshin alwala da na auna jini 10, maɓuɓɓugan ruwa da na'urorin busa 10, injinan ɗaga ruwa 5, sai wasu 5 na daban, cikinsu har da ƙofar fada ta tagulla da kwaɗon akwati wanda ba ya buɗuwa sai an jera haruffa daidai.

Wadda ta fi suna ita ce agogon giwa. Duk matar da ta taɓa ɗora ƙwarya mai huji a kan ruwan baho ta san sannu-sannu take cika har ta nutse. Wannan ita ce dabarar. A cikin cikin giwar akwai tukunyar ruwa, a kan ruwan akwai tasa mai ƙaramin huji da aka auna don ta nutse cikin rabin awa. Idan ta nutse sai ta ja igiya, igiyar ta saki wani dunƙulen ƙarfe daga hasumiyar da ke bisa giwar, dunƙulen ya faɗa bakin wani maciji na tagulla. Nauyinsa ya sa macijin ya sunkuyo, sunkuyowar kuma ta jawo tasar sama, ta zubar da ruwanta, ta koma tana yawo kamar farko. A lokacin nan tsuntsun da ke can ƙoli ya juya, mai tuƙa giwar ya kai bugu, kowa ya san rabin awa ya cika. Na'urar da kanta take komawa farkon aikinta, aikin mai kula da ita kawai ya duba ruwa ya mayar da dunƙulen wurinsu.

Akwai kuma wani babban agogo mai siffar fada, mai ƙofofi 12 da makaɗa 5. A wancan zamani ana raba yini awa 12, dare awa 12, saboda haka tsawon awa yana sauyawa tsakanin rani da hunturu. Al-Jazari ya gwada dabarar da magabata suka bari ta daidaita zubar ruwa, ya ga ba ta ba da lokaci daidai, sai ya yi ta gwaji yana sake awo har ya samu wadda ta dace da kowace rana ta shekara.

Ta wajen alwala, sarkin ba ya son bara ko baiwa su riƙa zuba masa ruwa a hannu, sai Al-Jazari ya ƙera masa butar da ke zuba ruwa da kanta. Ya kuma yi wata tasa mai ɗawisu: ruwa ya fito daga bakin ɗawisun, ruwan da aka yi wanki da shi ya taru a ƙasa ya ɗaga wani abu mai yawo bisa ruwa, sai ƙofa ta buɗe wani ɗan mutum-mutumi ya miƙo abin wanke hannu. Ruwan ya ƙara taruwa, sai na biyu ya fito da tawul. Ga masu tsaga jijiya kuwa, ya yi tasar da ke nuna yawan jinin da ya zuba, don kada a wuce kima.

Sai jirgin makaɗa, wanda ake sakawa a tafkin fada. A cikinsa akwai mutum-mutumi 4 masu kiɗa da busa. Ruwa yana ɗiga cikin wani guga, idan ya cika ya tuntsure, ruwan ya juya wata ƙafa mai fukafukai, ƙafar ta juya sanda mai ƴan turaku a jiki, turakun kuma su ne ke ɗaga hannuwan makaɗan. Wani farfesa na Jami'ar Sheffield a Ingila, Noel Sharkey, ya nuna cewa idan aka sauya wa turakun nan wuri, kiɗan ma zai sauya. A nan ne zumuncinsa da ƴan lakwal na yau ya fito fili. Kowane robo yana buƙatar abu uku: abin da zai ji da shi, abin da zai motsa shi, da umurnin da zai bi. Yaran yau suna sa ƴar na'ura mai jin haske ko nisa, da ƙaramin inji mai batir, su rubuta umurnin a kwamfuta. Shi kuwa abin da ke yawo bisa ruwa ne mai ji, ruwa ne ƙarfin, turaku ne umurnin.

Kada mu ɗauka duk aikinsa na nishaɗin sarakuna ne. Masu lambu sun san wahalar jigo. Al-Jazari ya zana injin da dabba ɗaya ke juyawa yana ɗaga manyan ludaya 4 na ruwa ɗaya bayan ɗaya, don kada nauyin ya faɗo wa dabbar lokaci guda. Ya kuma zana famfo mai bututu biyu da ƙarfin kogi ke tuƙawa, ɗaya na zuƙo ruwa yayin da ɗayan ke tura shi sama. Dabarar mayar da juyi ya zama turi da ja, wadda ya yi aiki da ita, tana cikin injin mota da injin ban ruwa har gobe.

Abin da ya fi burge mu a halinsa shi ne bai ɓoye sirrin sana'a ba. Ya faɗi tsawo da faɗin kowane yanki, ya nuna yadda ake manna siraran katakai don kada itace ya lanƙwashe, da yadda ake fara yin samfuri da takarda kafin a taɓa tagulla, da yadda ake zubin ƙarfe a cikin yashi. Ya kuma ambaci waɗanda ya ƙaru da su, kamar Banu Musa, ƴan'uwa 3 da suka yi littafin dabaru a Bagadaza a ƙarni na 9. Duk mai tiya ko mai sikeli ya san awo shi ne amanar kasuwa, kuma haka wannan bawan Allah ya riƙi awo a maƙerarsa.

Masu tarihi sun sanya rasuwarsa a shekara ta 1206, wato shekarar da ya gama littafin. Gidan sarautar da ya yi wa aiki ya shuɗe, na'urorin da ya ƙera ba su iso zamaninmu ba, littafin ne ya iso. Kwafi mafi daɗewa yana ajiye a fadar Topkapi ta Istambul. A shekara ta 1974 wani injiniya ɗan Ingila, Donald Hill, ya fassara shi zuwa Ingilishi. A 1976 aka bi bayaninsa aka sake ƙera babban agogon nan a Landan, ya kuma yi aiki. A 1979 Ahmad Yusuf Al-Hassan ya buga shi da Larabci a Halab ta Siriya. An kuma gina ƙaton agogon giwa a cikin kasuwar zamani ta Ibn Battuta a Dubai, garin da fatakenmu da yawa ke zuwa sarin kaya.

Da sarki bai matsa masa ba, da aikin shekara 25 ya bi shi kabari. Mu duba garuruwanmu: maƙera nawa, masaƙa nawa, dukawa nawa suka tafi da abin da suka sani saboda babu wanda ya rubuta? Kuma kusan kowane gida akwai yaron da ba ya ganin rediyo ko tocila bai kwance ta ba, ko mai yin mota da gwangwani da kara. Sau da yawa tsawa yake sha, ko a cire shi daga lakwal a ɗora masa talla. Iyaye mata da iyaye maza, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu bar shi ya yi karatunsa, in an tashi lakwal mu kai shi wurin mai gyara ya ga aiki, mu saya masa ɗan littafi ya riƙa zana abin da ya haɗa da awonsa, kamar yadda ɗan gidan mai shinkafa ya yi.

Allah ya jiƙan Al-Jazari, ya sa wa zuriyarmu albarka. Sai mun haɗu a fito na gaba.