Janar Murtala Muhammad, sojan da ke jikin naira ashirin

Duk ɗan kasuwar da ke hada-hada tsakanin Konni da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya, ya san takardar naira 20 da muke ce wa murtala. Yau ba ta sayen abin kirki, amma a 1977 da aka fito da ita, ita ce takardar kuɗi mafi girma a Nijeriya, kuma ta farko da aka sa wa hoton ɗan ƙasa. Yaranmu na shago sun san sunan, amma kaɗan ne suka san mai shi.

An haifi Murtala Ramat Muhammad a Kano ranar 8 ga watan Nuwamba na 1938. Ya yi karatu a kwalejin Barewa ta Zariya, ya shiga soja a 1958, aka tura shi makarantar horon hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. Bayan ya dawo ya yi aiki a sashen sadarwa na soja, ya kuma je Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1963 ya auri Ajoke, Bayarbiya, Allah ya ba su ƴaƴa 6.

Yana cikin jagororin juyin mulkin watan Yuli na 1966 wanda ya ɗora Yakubu Gowon. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, shi aka ba runduna ta biyu, ya ƙwato birnin Benin. Sai dai tarihin yaƙin nasa yana da tabo. A watan Oktoba na shekarar, sojojin rundunarsa sun kashe fararen hula masu yawa a Asaba, kuma yunƙurin da ya yi na ƙetare kogin Kwara zuwa Onica ya ci rayukan sojojinsa da dama.

A ƙarshen Yuli na 1975 sojoji suka kifar da Gowon yana taron shugabannin Afirka a Kampala, suka naɗa Murtala. Ya tarar da tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da ɗaruruwan jirage maƙare da siminti, har sauran kayan ƴan kasuwa sun rasa hanyar sauka, ya sa aka duƙufa kan warware cunkoson. Ya sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 bisa zargin cin hanci da sakaci, ko da yake guguwar ta haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ya mai da jihohi 12 zuwa 19, ya tsai da shawarar mai da babban birni Abuja, ya kuma sa 1979 a matsayin lokacin miƙa mulki ga farar hula. Duk wannan cikin kwana kusan 200.

Da ya hau mulki bai kwashe iyalinsa zuwa barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa ta lokacin, ba. Ya ci gaba da zama da su a gidansa na Ikoyi, yana fita aiki ba jerin gwanon motoci, ba jiniya. Wannan sauƙin kai ne maƙiya suka samu ƙofa da shi. Safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu na 1976, motarsa ta tsaya cikin cunkoso, sojojin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe mata wuta. Ya rasu yana da shekara 37, aka kai shi Kano aka yi masa sutura.

Juyin mulkin bai yi nasara ba. Mataimakinsa Olusegun Obasanjo ya gaje shi, ya cika alkawarin, ya miƙa wa Shehu Shagari mulki ranar 1 ga Oktoba na 1979. Ƙasa ta sa sunan marigayin a filin jirgin sama na Legas da babban asibitin Kano. A gida kuwa, Ajoke ce ta rungumi marayu 6, dukkansu ƙanana, ta yi musu uwa ta yi musu uba har suka girma.

Allah ya jiƙan shi, ya gafarta masa kurakuransa, amin.