Eucratides na I

Eucratides na I, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Girma, sarki ne Bagirke da ya mulki Bactria daga wajen shekarar 171 zuwa wajen 145 kafin haihuwar Annabi Isa (K.H.). Bactria ita ce ƙasar da ke tsakanin duwatsun Hindu Kush da kogin Amu Darya, wato arewacin Afganistan na yau, haɗe da kudancin Uzbekistan da Tajikistan. Ya ƙwace sarauta daga gidan Euthydemus, ya kai yaƙi har arewa maso yammacin Indiya, kuma shi ne sarki na ƙarshe da ya riƙe ƙasar da ƙarfi kafin makiyaya daga arewa su mamaye ta. An fi saninsa da tsabar zinariya mafi girma da ta rage daga zamanin Girkawan da.

Abin da tsofaffin marubuta suka bari game da shi 'yan layuka ne a littattafan Justin da Strabo, kuma dukansu sun yi rubutunsu ne bayan mutuwarsa da fiye da shekara ɗari. Saboda haka mafi yawan tarihinsa daga kuɗin da ya buga aka karanto shi, sai kuma kufan wani birni da ake kira Ai-Khanoum.

Bactria kafin zamaninsa

Iskandar Mai Girma ya ci Bactria tsakanin 329 da 327 K.H., ya bar sojoji Girkawa a can. Bayan mutuwarsa ƙasar ta shiga daular Seleucid. Wajen 250 K.H. gwamnanta Diodotus ya ɓalle, ya naɗa kansa sarki. Euthydemus ya kawar da gidan Diodotus, kuma ya jure ƙawanyar da Antiochus na III ya yi wa babban birnin ƙasar, Bactra (Balkh ta yau), daga 208 zuwa 206 K.H., har aka yi sulhu aka bar masa sarautarsa. Ɗansa Demetrius ne ya tsallaka Hindu Kush ya shiga yankin Indiya. A hannun zuriyar wannan gida mulki yake lokacin da Eucratides ya taso.

Suna da asali

Sunansa ya ƙunshi kalmomin Girkanci biyu, eu mai nufin kyau da kratos mai nufin ƙarfi ko iko. Iyayensa kuwa daga tsabar kuɗi aka san su. Ya buga wata ta azurfa mai ɗauke da hoton namiji da mace kafaɗa da kafaɗa, an rubuta sunayensu Heliocles da Laodice. Matar tana sanye da ɗaurin kai irin na sarauta, mijin kuma ba shi da shi. Daga nan masana suka fahimci cewa uwar ce 'yar sarauta.

Masanin Birtaniya W. W. Tarn, a littafinsa na 1938, ya gina dogon bayani a kan wannan ɗaurin kai. A ganinsa Laodice 'yar gidan Seleucid ce, Eucratides ɗan uwan Antiochus na IV ne, kuma shi ya turo shi ya maido da Bactria hannun daular. Masanin Indiya A. K. Narain ya musanta haka a 1957. Hujjar Tarn tana da rauni, domin Laodice suna ne da ya yaɗu a gidajen sarautar Girkawa da dama, kuma babu wani tsohon marubuci da ya danganta Eucratides da Antiochus.

Hawan mulki da yaƙe-yaƙe

Justin ya ce Eucratides ya hau mulki kusan lokaci guda da Mithridates na I, sarkin Parthia da ke maƙwabtaka da shi ta yamma. Daga nan aka samo shekarar 171. Wata shaida ta zo daga Iran: Timarchus, wanda ya yi wa daular Seleucid tawaye a Media wajen 162 zuwa 160 K.H., ya kwaikwayi kuɗin Eucratides har da kwalkwali da laƙabin babban sarki. Ashe kafin wannan lokaci Eucratides ya riga ya ɗauki laƙabin, kuma sunansa ya kai nesa.

Labari ɗaya tak na fagen fama aka adana. A cewar Justin, wani Demetrius da ya kira sarkin Indiyawa ya yi masa ƙawanya da mayaƙa 60,000, shi kuwa yana da 300 kawai. Ya yi ta fitowa yana kai musu farmaki, a wata na biyar ya kuɓuta, daga baya ya mallaki Indiya. Waɗannan alƙaluma sun fi kama da kirari, kuma Indiyar da ake nufi yankin Kabul ne da Gandhara da wani sashe na Punjab. Masana sun rabu kan ko Demetrius ɗin ɗan Euthydemus ne ko wani sarki na baya mai irin sunansa. Strabo ma ya kawo maganar Apollodorus na Artemita cewa Eucratides ya mallaki birane dubu.

Yayin da yake faɗaɗa ƙasa ta kudu, tana raguwa ta yamma. Strabo ya ce mutanen Parthia sun ƙwace masa larduna biyu. Justin ya lissafa yaƙe-yaƙen da suka gajiyar da Bactria: da Sogdiana, da Arachosia, da Drangiana, da Aria, da Indiya. A Punjab kuma wani sarki Bagirke, Menander, ya yi ƙarfi a ƙarshen zamanin Eucratides, kuma yankunan kudu sun koma hannunsa.

Kuɗinsa

A Bactria ya bi ma'aunin Atina. Babbar tsabarsa ta azurfa, tetradrachm, tana da nauyin kusan giram 17. A kuɗinsa na farko kansa ba komai sai ɗaurin sarauta, kuma rubutun ya kira shi sarki kawai. Daga baya aka ƙara kalmar Megas, wato Mai Girma, aka sa masa kwalkwalin mahaya dawaki mai ƙaho da kunnen bijimi. Akwai kuma wani nau'i da ke nuna shi ta baya, kafaɗu a buɗe, ya ɗaga mashi zai jefa. A bayan kuɗin ana ganin Dioscuri, wato tagwaye Castor da Pollux na addinin Girkawa, a kan dawakai suna sukuwa, riƙe da masu da rassan dabino.

Tsabar zinariyar da ta sa ya yi suna tana da nauyin giram 169.2 da faɗin milimita 58, daidai da stater 20. Guda ɗaya aka sani. An ce daga yankin Bukhara ta fito. Napoleon na III ya saye ta a 1867, kuma tana ajiye a sashen tsabar kuɗi na Laburaren Ƙasa na Faransa a Paris. Nauyinta ya nuna ba don cinikin kasuwa aka yi ta ba, ana ɗaukarta a matsayin kyautar sarki ko abin tunawa da wata nasara.

Kudu da Hindu Kush tsarin ya bambanta. A can ya buga kuɗi masu harshe biyu, akasarinsu na tagulla masu kusurwa huɗu, siffar da mutanen yankin suka saba da ita. Girkanci a gaba, a baya kuma harshen Prakrit na Gandhara da rubutun Kharosthi, wanda ya samo asali daga rubutun Aramaic, kuma ana rubuta shi daga dama zuwa hagu kamar ajami. Ba shi ya fara wannan ba, Agathocles da Pantaleon da Apollodotus na I sun riga shi. Yadda aka fassara laƙabin abin lura ne: kalmomin Girkanci biyu masu nufin babban sarki sun zama kalma ɗaya, maharaja. Sunan kansa ya koma Evukratida, an saka harafin v tsakanin wasulan farko don ya dace da tsarin gaɓar rubutun. Laƙabin da sunan duka suna ƙarewa da ɗafin mallaka -sa, kamar yadda na Girkancin ma suke a sigar mallaka, ma'ana kuɗin na sarki wane ne (kamarsa da -sa na Hausa dace ne kawai).

Irin waɗannan kuɗi ne suka buɗe karatun Kharosthi bayan an manta shi fiye da shekara dubu. A shekarun 1830, Charles Masson ya tara dubban tsabobi a Begram, sannan James Prinsep da Christian Lassen da C. L. Grotefend suka riƙa daidaita sunayen sarakunan da ke gefen Girkanci da alamomin ɗaya gefen, harafi bayan harafi. Tun kafin nan, littafin farko na zamani kan Girkawan Bactria, wanda Theophilus Bayer ya wallafa a 1738, ya dogara ne a kan tsabobi kaɗan, cikinsu har da ta Eucratides.

Ai-Khanoum

Strabo da Ptolemy sun ambaci wani birni mai suna Eucratideia. Masu bincike da yawa suna ganin shi ne kufan da ke mahaɗar kogunan Amu Darya da Kokcha, a lardin Takhar na Afganistan. Sunan wurin na yanzu, Ai-Khanoum, daga harshen Uzbek yake, yana nufin Uwargida Wata. Sarki Mohammed Zahir Shah ne ya ci karo da wurin a 1961 yana farauta, sannan tawagar Faransa a ƙarƙashin Paul Bernard ta yi tono daga 1965 zuwa 1978. An gano fada, da gidan motsa jiki, da dandalin wasan kwaikwayo mai ɗaukar kusan mutum 5,000, da haikalin da tsarin gininsa ya fi kama da na Gabas. An kafa birnin tun kafin Eucratides, amma a zamaninsa aka yi wa fadar babban gyara, aka gina baitulmalinta.

Wannan baitulmali shi ya fi kusantar da mai bincike ga mulkinsa. An samu fasassun tuluna da ma'aikata suka rubuta a jikinsu da tawada abin da aka zuba da sunan wanda ya karɓa. Wasu ma'aikatan sunayensu na Girkawa ne, wasu na mutanen ƙasar. Rubuce-rubucen sun ambaci kuɗin Indiya da ake kira karshapana, kuma an tarar da kayan ƙawa daga Indiya, waɗanda ake ɗauka ganimar yaƙinsa ce. A wani ɗaki takardar wani littafin falsafa ta ruɓe, amma tawadar ta bar sawun haruffan a jikin ƙasa, har aka iya karanta wani sashe.

Wani tulun man zaitun yana ɗauke da kwanan wata na shekara ta 24. Bernard ya ɗauke ta a matsayin shekara ta 24 ta sarautar Eucratides, wato wajen 148 K.H. Ba da daɗewa ba bayan nan aka wawashe baitulmalin, Girkawa suka bar birnin. Ba a samu kuɗin Heliocles na I, wanda ya yi mulki bayansa, a wurin ba, abin da ya sa ake sanya faɗuwar birnin wajen 145 K.H. Bayan ɓarkewar yaƙi a Afganistan a 1979, masu haƙar sata sun lalata mafi yawan kufan.

Mutuwarsa

Justin ya ce a hanyarsa ta dawowa daga Indiya ɗansa, wanda ya riga ya sa shi abokin sarauta, ya kashe shi. Bai ɓoye abin da ya yi ba: ya bi ta kan jinin mahaifinsa da keken doki, ya ba da umarni a yar da gawar ba jana'iza, kamar ta abokin gaba. Justin bai faɗi sunan ɗan ba. Sarakuna uku ne kuɗinsu ya biyo bayan nasa a Bactria, Eucratides na II da Plato da Heliocles na I, kuma kowannensu an samu masanin da ya ɗora masa laifin.

Daular ba ta daɗe ba bayansa. Lokacin da jakadan Sin Zhang Qian ya isa Bactria wajen 128 K.H., ya tarar babu babban sarki, sai garuruwa masu ganuwa kowanne da shugabansa, a ƙarƙashin makiyayan Yuezhi. Kuɗin Eucratides sun ci gaba da yawo duk da haka. Suna da yawa a cikin tsabobin azurfa 627 da aka tono a binne kusa da Kunduz a 1946, kuma waɗanda suka gaji ƙasar sun daɗe suna kwaikwayonsu, haruffan Girkancin suna ta lalacewa a hannun maƙeran da ba su iya karanta su ba. An yi amfani da hoton bayan tsabarsa, da tagwayen mahaya da sunansa cikin haruffan Girkanci, a tambarin babban bankin Afganistan, Da Afghanistan Bank.